Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Darakta Janar Na NTA Kan Ayyukan Marigayi Ƙasimu Yero

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatan hukumarka na Abuja da na Kaduna da na Jos da sauran tashoshi, Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Zariya, ni ne kuma nake kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibanmu. Na rubuto ne da yawun 'yan'uwana malamai masu koyar da adabi, da yawun tsararrakina da muka tashi muna kallon NTA a lokacin da ba mu da wata tasha sai ita, sannan da yawun yaran da ke zaune a azuzuwanmu, waɗanda suke jin sunan Ƙasimu Yero a bakinmu amma ba su taɓa ganin cikakken wasansa ba. Saboda waɗannan na ƙarshe ne na fi damuwa.

Alhaji Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna ranar Lahadi 3 ga Satumba, 2017, kwana biyu bayan Babbar Sallah, yana da shekara 70. An yi ta'aziyya daga ko'ina, har Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya aiko da tasa. Jaridun Hausa da na Turanci sun yabe shi, kowa ya ce an yi babban rashi. Mun amsa, mun yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa. To amma tun daga ranar muke zuba ido mu ga gidan da ya yi wa aiki da ƙuruciyarsa ya fito da ayyukan nan ya ce wa jama'a ga su, har yau shiru. Ba mu ga an jera su a tasha ana maimaitawa bi da bi ba, ba mu ga inda ake sayar da su ba, ba mu kuma ga ɗakin karatun da ɗalibi zai shiga ya ce a kunna masa ba.

Ranka ya daɗe, ka san mutumin, amma ka yi mini uzuri in faɗi ko wane ne, domin wasiƙar buɗaɗɗiya ce, kuma da yawa daga masu karanta ta an haife su ne bayan an daina nuna wasanninsa.

Bazazzagi ne, yana cikin zuriyar 'yan wasan da suka koyi sana'ar a kan daɓe kafin su tsaya gaban kyamara. Sauran Nijeriya ta san shi ne ta shirin Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980, aka ɗauke shi a yankin Jos ƙarƙashin jagorancin Peter Igho. An shirya shi ne don a jawo hankalin mutane su koma gona, a zamanin da kuɗin man fetur ya sa kowa ya fuskanci birni. Labarin Bello ne, wanda George Menta ya fito a matsayinsa, mutumin da ya bar birni ya koma ƙauye da iyalinsa don ya yi noman zamani. Sadiq Daba ya fito a Bitrus. Shi kuwa Ƙasimu shi ne Uncle Gaga, kawun nan mai taurin kai da ba ya barin Bello ya sha ruwa. Da zarar waƙar Bongos Ikwue ta buɗe shirin ta tashi, unguwa takan yi tsit. Mu a Tudun Wada gidan wani maƙwabci muke taruwa, yara a ƙasa kan tabarma, manya a kan benci, akwatin kuwa mai baƙi da fari ne. Da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su jin Turanci, amma in Gaga ya shigo sun san rigima ta zo, don fuskarsa da tsayuwarsa sun riga bakinsa magana.

Mu Hausawa muna da ƙarin rabo a wajensa wanda mutanen Legas da Inugu ba su samu ba. Mun san shi a Karambana, inda ya sa mu dariya da halin mutumin da ba a yin zance ba da shi ba. Mun kuma gan shi a Magana Jari Ce, lokacin da NTA ta mayar da labaran Abubakar Imam wasan talabijin, aka fito da sarakuna da fadawa da waziri daga cikin littafin da muke karantawa a aji suka tsaya a gabanmu da rawunansu. Ɗan wasa ɗaya ya riƙe barkwanci da Hausa, ya riƙe wasa mai nauyi da Turanci, ya shiga fada ya yi zaman da ya dace da fada, ya kuma taka rawa a fim. Ba kowa Allah yake ba wannan ba. Abin da na fi so in nuna wa ɗalibaina a wajensa shi ne haƙurinsa da magana. Ya san inda zai dakata. Yakan bar shiru ya yi masa rabin aiki, sannan ya saki kalma ɗaya ta faɗa inda ya nufa. Hausarsa kuma tsaf take, babu gyauro, irin wadda yanzu sai ka yi da gaske kafin ka ji ta a fim.

Kukanmu na farko, kuma mafi gaggawa, kaset-kaset ne. Shirye-shiryen wancan zamani a kan zaren maganaɗisu aka ɗauke su, irin su U-matic da Betacam, kuma zaren nan yana da ajali. Zafi yana cin sa, laima tana sa shi fumfuna, sinadarin da ke riƙe da hoton yana narkewa ya manne, sai ka saka kaset a na'ura ya kware kamar ɓawon rogo. Na'urorin da ke kunna su ma kamfanoni sun daina ƙera su, injiniyoyin da suka san gyaransu kuma suna ta yin ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya sun yi gargaɗi tun 2019 cewa wajen 2025 kunna irin waɗannan kaset-kaset zai zama abu mai matuƙar wuya a ko'ina. Wannan gargaɗi an yi shi ne har ga ƙasashen da ke da ɗakunan ajiya masu sanyi dare da rana. Ina ga namu, da zafin bazarar Kaduna da ɗaukewar wuta? Kowace damina da ta wuce ba a kwafe su ba, wani abu ya tafi wanda kuɗi ba za su dawo da shi ba.

Mun san kuma cewa a da gidajen talabijin da yawa a duniya suna goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kan kaset ɗin saboda tsadarsa. BBC da kanta ta yi haka, ta yi asarar shirye-shirye masu yawa. Amma ga abin da ya kamata ya tsaya mana a rai. A 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara na shirin nan na Ingila, Doctor Who, waɗanda BBC ta ɗauka sun ɓace har abada. A ina aka same su? A Jos, cikin ɗakin ajiyar wata tashar talabijin. Wani Bature ne ya taso takanas yana bin tashoshin Afirka ɗaki-ɗaki har ya kai gare su, aka mayar da su Landan, aka gyara, aka sayar wa duniya. Wato wani ya ƙetaro teku ya zo garinmu neman gadon gidansu, ya kuwa samu. A garin nan aka ɗauki Cock Crow at Dawn. Wa muka tura ya duba mana namu?

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a nan. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana ɗauka ya salwanta. Aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim ɗin Hausa ne, ya dawo da ransa bayan shekara arba'in. Hanyar da aka bi tana nan, mutanen da suka yi aikin suna nan, kuma ma'ajiyar fim da sauti ta ƙasa tana Jos, gari ɗaya da kwalejin talabijin ta NTA.

Kuka na biyu ya biyo bayan na farko. Da yake hukuma ba ta fito da ayyukan ba, abin da ya rage a hannun jama'a guntaye ne da wasu suka ɗauka a bidiyon gida tun da can, yanzu suke ɗorawa a YouTube da Facebook. Ban ga laifinsu ba, don ba don su ba da ko wannan ba mu da shi. Amma hoto ne dishi-dishi, sauti yana shaƙewa, babu farko babu ƙarshe, babu sunan marubuci ko darakta, babu shekara. A zangon karatun da ya wuce muna shirya wani wasa, na ba wani yaro matsayin kawu mai rowa da faɗa. Yaron yana da basira, sai dai a ganinsa mugunta a wasa ita ce ihu da zare ido, don abin da ya saba gani ke nan. Na ce masa akwai wanda yake tsorata gida guda ba tare da ya ɗaga murya ba, bari in nuna maka. Na lalubo a waya, abin da na samu bai kai a koyar da shi ba, fuskar ma da ƙyar ake gane ta. Yaran suka kalle ni da ladabi, amma na ga a idonsu sun ɗauka irin yabon da tsofaffi ke yi wa zamaninsu ne. Wannan ya yi mini ciwo, domin gaskiya nake faɗa musu kuma hujjata tana kulle a inda ba zan kai ba.

Sannan duk wanda ya ɗora irin waɗannan guntaye ya sami 'yan kallo, in akwai wani abin da ke shigowa, ba ya zuwa ga iyalan waɗanda suka yi wasan, ba ya kuma zuwa ga NTA. Kowa ya yi asara.

Na uku shi ne tarihi. Ka tambayi matashi yau ina wasan Hausa na kallo ya faro, zai ce maka Kano, 1990, da Turmin Danya. Wannan farkon fim ɗin bidiyo ne, kuma muna girmama waɗanda suka yi shi. Amma an buɗe talabijin a Kaduna tun 1962, shekara 15 kafin dokar da ta kafa NTA a 1977, kuma tsakanin wancan lokaci da 1990 an yi wasanni da suka tarbiyyantar da al'umma guda. A nan aka yi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, Banufen da ya mayar da Hausar bariki abin so a kowane gida. A Jos aka yi Karkuzu. Kano tana da nata a tasharta ta jiha. Waɗannan mutane su suka share filin da Kannywood ta yi gini a kai, su suka koya wa Bahaushe zama gaban akwati ya ga rayuwarsa da harshensa. Ɗaliban jami'a da ke son rubuta kundi a kansu sun dogara ne da abin da tsofaffi suka tuna, tsofaffin kuma suna ƙarewa. In aka bari shekara goma ta ƙara wucewa, za a rubuta tarihin wasan kwaikwayon Arewa da babban rami a tsakiyarsa.

Kuka na huɗu shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa, amma dole ne. Yadda 'yan wasan wancan zamani suke ƙare rayuwarsu abin kunya ne gare mu duka. Sadiq Daba, wanda ya yi wa NTA aiki shekaru masu yawa, wanda kuma ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa ta Afirka a 2015, sai da aka yi ta neman taimakon jama'a don jinyarsa kafin rasuwarsa a Maris 2021. Karkuzu ya tsufa a Jos idonsa ya tafi, sai da kukansa ya karaɗe intanet sannan ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida, Allah ya saka masa da alheri. Samanja ya rasu a Kaduna a Nuwamba 2023 bayan doguwar jinya. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi sai a fito da saƙon ta'aziyya mai daɗin karantawa. Mutumin da ya sa ƙasa dariya shekara ashirin bai kamata a ɗauki hotonsa a kan gadon asibiti ana yawo da shi a waya ana neman a tausaya ba. Sun yi aiki a zamanin da ake biyan ɗan wasa sau ɗaya a sallame shi, ko da za a maimaita shirin sau ɗari. Ba kai ka kafa wannan tsari ba, ranka ya daɗe, gadonsa ka yi. Amma gyaransa a hannunka yake, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tanadi haƙƙin masu wasa a kan ayyukansu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ka ba da umarni a buɗe ɗakunan ajiya na Kaduna da Jos da Legas, a ƙirga abin da ke ciki na Cock Crow at Dawn da Karambana da Magana Jari Ce da Samanja da sauran wasannin wancan zamani, kashi nawa ne ke nan, a kan wane irin kaset, a wane hali. A buga sakamakon kowa ya gani. In wasu sun lalace ko an goge su, a faɗa mana haka kai tsaye, za mu yi haƙuri mu san abin da za mu nema a wani wuri. Wannan mataki ba ya bukatar kasafin kuɗi na musamman, umarni ne da ma'aikata kaɗan masu kishi. A nemi tsofaffin ma'aikatan ɗakin kaset da suka yi ritaya su zo su taya, domin su suka san rubutun da ke jikin kwalayen da inda aka tura abin da aka kwashe.

Abin da aka samu da rai, a fara kwafe shi zuwa kwamfuta ba tare da jiran komai ba, a fara da wanda ya fi kusa da lalacewa. A haɗa hannu da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ma'ajiyarta ta Jos, a nemi waɗanda suka yi aikin Shaihu Umar su ba da shawara. Kada a ajiye kwafi ɗaya a wuri ɗaya. A kai ɗaya Gidan Arewa da ke Kaduna, a kai ɗaya Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, garin marigayin, inda ake koyar da wasan kwaikwayo da harsunan Nijeriya, domin gobara ɗaya ko yoyon rufi ɗaya kada ya sake cinye mana komai.

A yi shela a rediyo da talabijin, da Hausa, cewa duk wanda yake da tsohon kaset na bidiyo da ya ɗauki waɗannan shirye-shirye a gida ya kawo aro, a kwafa a mayar masa da abinsa tare da godiya. Akwai irinsu a akwatunan gidajen tsofaffin ma'aikata a Kaduna da Zariya da Kano da Jos, wataƙila har Maraɗi da Damagaram inda ake bibiyar wasanninmu. Magada suna zubar da su kullum don ba su san darajarsu ba.

In an gyara, a dawo mana da su. A ware musu lokaci a tasha kowane mako, a ɗora su a shafin NTA na intanet da cikakkun sunayen waɗanda suka yi aikin da shekarar da aka yi, a ba makarantu damar nunawa a aji kyauta. Tashoshi masu zaman kansu da ke watsa shirye-shiryen Hausa za su so su saya, kuma masu talla za su biyo, don iyaye da kakanni za su zauna su kalla tare da jikoki. Daga abin da ya shigo a yanka wani kaso sananne, a rubuce, a riƙa kai wa 'yan wasan da ke raye da iyalan waɗanda suka rasu, ciki har da iyalan Ƙasimu Yero. Haƙƙinsu ne, a ba su shi da sunan haƙƙi.

Waɗanda suka rage da rai daga wannan zuriya, 'yan wasa da marubuta da masu kyamara da masu kwalliya, a tura matasan ma'aikata da kyamara su zauna da su a gidajensu su ɗauki labarinsu da bakinsu, yadda ake haddace wasa, yadda ake ɗauka da kyamara ƙalilan, wa ya koya wa wa. A kuma sa su cikin inshorar lafiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, Jihar Kaduna tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, kuma mutanen nan ba su da yawan da zai gagari hukuma kamar taka in ta haɗa kai da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN wajen tattara sunayensu.

Daga ƙarshe muna roƙon a sa wa ɗaya daga ɗakunan ɗaukar shiri na NTA Kaduna sunan Ƙasimu Yero. Na ajiye wannan a ƙarshe da gangan, don shi ya fi sauƙi, kuma muna tsoron a yi shi shi kaɗai a yanka kyalle a watse. In za a zaɓi ɗaya, a bar allon suna a ceto kaset.

Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Muna fatan kafin ta sake zagayowa za mu ji daga ofishinka, ko da jerin abin da aka samu a ɗakunan ajiya ne kawai. Mu malamai a shirye muke mu ba da hutunmu kyauta wajen kallon abin da aka kwafe, mu rubuta sunayen 'yan wasa da taƙaitaccen labarin kowane kashi, mu kuma taya fassara inda ake bukata.

Allah ya jiƙan Alhaji Ƙasimu Yero da abokan aikinsa da suka riga mu, ya ba ka ikon yin abin da ya dace.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin Hausa daga Zariya